Buhun da Ya Riga Ni Hawa Babur

Wata Asabar ce a ƙarshen kakar 1976, in ban yi kuskure ba, domin na tuna a shekarar ne aka cika makarantarmu da sababbin yara har wasu suna ɗaukar karatu a gindin darbejiya. Hantsi ya fara ɗagawa lokacin da muka gangaro daga tsakanin duwatsu muka hango rufin kwanon Kazaure yana walƙiya. Ina zaune a kariyar keken Baba, ƙafafuna sun yi nauyi saboda daɗewa a reto, amma ko a jikina. Baba yana sanye da babbar rigarsa shuɗiya wadda ba ya sawa sai Juma'a ko ranar suna, yana tuƙi yana waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Duk wanda muka wuce, mai jaki ne ko mai ɗauke da kara, sai in ji kamar in tsayar da shi in gaya masa inda za mu. Babur za mu sayo. Da yamma kuma a kansa za mu koma gida, Baba a gaba, ni a baya.

Ya kamata in ɗan koma baya, don a gane abin da wannan tafiya take nufi a wurinmu. Ƙauyenmu yana gefen Roni, kuma a lokacin, iyakar sanina, babu mai babur ko ɗaya a cikinsa. Muna dai ganin na malamin gona da na mai duba makarantu idan sun shigo, su bar mana warin fetur da shatin taya a kan yashi. Mukan bi wannan shati har bakin gari, muna gardamar wanne ne na tayar gaba. Da kaka, idan an gama girbi an tara kara a bayan gida, aikinmu ke nan bayan mun dawo daga makaranta mun ɗebo ruwa mun ba awaki harawa: mu zauna da ƙaya da tsohuwar reza mu ƙera babur na kara, mu sa masa madubi da fasasshen kwano, mu yi ta zagaya rumbuna muna ƙarar inji da baki har leɓe ya yi ƙaiƙayi. A filin makaranta ma, idan an tashi tara, langa ta rage farin jini. Kowa direba ne, kowa yana canja giya da murya, har da waɗanda ba su taɓa matsawa kusa da babur na gaske ba.

Baba, Malam Bukar, fataucin hatsi yake yi. Kakanninmu daga Barno suka zo, kuma har lokacin kakata Falmata, idan ranta ya ɓaci ko ta tsorata, Barbarci ne ke fara fita daga bakinta kafin Hausa ta biyo. Shekara da shekaru Baba yana cin kasuwanni a kan keke, yau Gwiwa, gobe Kazaure, wani lokaci har Babura inda yake ciniki da mutanen Nijar ya dawo da 'yan sefa a aljihu mu yi ta jujjuya su. An san shi da iya keke. Ana ba da labarin cewa yana saurayi yakan ɗora buhu biyu ya ratsa rairayi bai sauke ƙafa ba. Ban gani da idona ba, amma ban taɓa jin wanda ya musa ba. A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kasuwa ta buɗe, masu babur suka fara riga shi isa wurin ciniki, kafin ya iso da gumi sun kama kaya mai kyau. Wannan ne ya sa ya yanke shawara.

Amma akwai wani dalilin, sunansa Buba. Bafillace ne maƙwabcinmu, abokin Baba tun suna samari, kuma kamar yadda aka sani tsakanin Barebari da Fulani, ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa. Ranar da Baba ya faɗi a dandali cewa zai sayo babur, Buba ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce a gaban dattawa, “Bawana, in dai ka shigo garin nan a kansa da kanka, ba turo shi ka yi ba, ba kuma wani ya goyo ka ba, ni zan wanke maka shi da hannuna.” Baba ya ce masa ya tanadi ruwa da soso, ranar Asabar da la'asar. Ya ƙara da maganar da na ji ya sha maimaitawa a makon nan: “Wanda ya iya keke ai ya iya babur.” Ni kuwa na kai labarin makaranta, na ƙara masa gishiri, na yi wa rabin ajinmu alƙawarin za su gan ni a baya ina ɗaga musu hannu. Kaka Falmata kaɗai ce ba ta yi murna ba. Da safen da za mu tafi ta tofa mini addu'a a ka, ta ce wa Baba wata magana da Barbarci wadda ya yi kamar bai ji ba.

Shaguna biyu ne ke sayar da babur a Kazaure a lokacin, ko in ce biyu na sani. Mun fara da babban, wanda ke bakin titi. Ba zan faɗi sunan mai shi ba, domin ba shi muka tarar ba, kuma mai yiwuwa da yana nan da abin bai kasance haka ba. Babura ne jere a ƙarƙashin rumfar kwano, ja da shuɗi da baƙi, sirdinsu lulluɓe da leda, tankunansu suna ɗaukar ido. Ƙamshin sabuwar taya ya buge ni har na ji jiri. Akwai benci a ciki, amma ma'aikatan gwamnati ne a kai, waɗanda aka ba bashin abin hawa, an ajiye musu lemon kwalba suna sha suna hira da akawun shagon. Mun yi sallama, aka amsa ba tare da an ɗago ba. Muka tsaya. Baba ya gyara murya ya tambayi bambancin wannan da wancan, akawun ya ce duk ɗaya ne, kala ce ta bambanta. Ni kuwa hannuna ya kai kan wani madubi ban sani ba, na ga fuskata a ciki ta yi faɗi. Sai na ji tsawa: “Kai yaro, ɗauke hannunka!” Sa'an nan akawun ya juya ga Baba ya ce, “Baba, in saye za ka yi, ka biya a ba ka makulli ka tafi. In kallo ne, ana iya yi daga waje.” Baba ya kama hannuna muka fita.

Ɗayan shagon yana can baya, kusa da wani fili da ake ɗaure jakuna. Bai kai na farko girma ba, rabinsa ma wurin gyara ne, ƙasa duk baƙin mai. Mai shi Inyamuri ne, Mista Emeka, gajere mai ƙiba, haifaffen Kano, Hausarsa tas. Tun daga nesa ya taso ya tarbi Baba, ya karɓi keken ya jingine da kansa, ya sa aka kawo kujera da ruwa a kofi. Ya tambayi sunansa da garinmu da sana'arsa, ya tambayi irin hanyar da yake bi, rairayi ne ko burji, da irin nauyin da yake ɗauka. Sai da ya ji duk wannan sannan ya ce ga wanda zai dace da shi, ga kuma wanda ya fi kyan gani amma ba zai jure hanyar Gwiwa da damina ba. Ya ga ina ɓoye hannuwana a baya, sai ya yi dariya ya ce, “Taɓa mana, ai ba ya cizo.” Ya ɗaga ni ya ɗora a kan sirdi, ya nuna mini inda ake danna oda. Na danna. Wani jaki a filin ya amsa da kuka, kowa ya fashe da dariya. Ina jin ban taɓa yin farin ciki irin na wannan lokacin ba, har yau da nake da jikoki.

Baba ya zaɓi ja. Aka yi ciniki cikin raha aka gama, yaran shagon suka fito da shi daga akwatin katako suka shiga ɗaura masa madubai da fitila, suka zuba mai. Da aka buga shi ya tashi, sai na ji ƙarar a cikin ƙirjina. Baba ya miƙe ya tattare rigarsa ya miƙa hannu zai karɓi makulli. Mista Emeka ya jefa makullin a aljihunsa. Ya ce, “Malam Bukar, ka taɓa tuƙa babur?” Baba ya ce ya shekara talatin yana tuƙa keke. “Na ji,” in ji shi, “babur fa?” Daga nan ya bayyana masa ƙa'idar shagonsa, wadda ashe duk Kazaure an san ta sai mu ne ba mu sani ba: ba ya sakin sabon babur ga wanda bai gani da idonsa ya tuƙa ba. Akwai tsohon babur na koyo a bayan shago. Mai saye zai hau ya zagaya tsamiyar da ke tsakiyar fili, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. In ya iya, ga makulli. In bai iya ba, za a koya masa kyauta, ko kwana nawa zai ɗauka. In kuma ya ƙi, a mayar masa da kuɗinsa a rabu lafiya.

Fuskar Baba ta canja. Ya ce shi ba yaro ba ne, kuma bai zo makaranta ba. Ya ce a wancan shagon da yanzu ya yi nisa a hanya. Mista Emeka bai musa ba, ya ce gaskiya ne, can ba a tambaya. Ya ce shi dai ya taɓa sayar wa wani mutum da safe, kafin azahar aka dawo masa da babur ɗin a bayan akori-kura, kuma tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa wannan. Bai faɗi abin da ya sami mutumin ba, Baba kuma bai tambaya ba. Na tsaya ina duban wannan ina duban wancan, ina addu'ar kada Baba ya ce a ba shi kuɗinsa, kuma ina addu'ar kada mu koma wurin mai tsawa. Can Baba ya ce, “To, kawo abin naka. Zagaye ɗaya ne ai.” Sai Mista Emeka ya nuna ni da haɓa ya ce, “Da wannan za ka koma?” Baba ya ce e. “To, sai an ɗaura maka Malam Fasinja.”

Malam Fasinja buhun yashi ne. Yaran shagon sun zana masa ido da baki da gawayi, sun kifa masa tsohuwar hula. Duk wanda ya ce zai yi goyo, sai an fara ɗaura masa shi a baya. Biyu suka kinkimo shi, ɗaya ya dube ni ya ce nauyinmu zai zo ɗaya, sai dai buhun ya fi ni kunya. Na ji haushin buhun nan ƙwarai, domin ya zauna a wurin da na yi mako guda ina mafarki. Tsohon babur ɗin kuwa ba shi da madubi ko ɗaya, tankinsa duk lotsawa. Mista Emeka ya tsaya yana nuna wa Baba: wannan totur ne, da shi ake ƙara wuta, wannan na hannun hagu kuloci ne, shi ke raba inji da taya, ga giya a ƙafar hagu, birkin da za ka dogara da shi yana ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Baba yana ta cewa “na gane, na gane,” idonsa a kan mutanen da suka fara taruwa, masu jakuna da 'yan talla da wasu mutum biyu daga ƙauyenmu da suka zo cefane.

Da farko abin ya yi kyau. Babur ya mutu sau ɗaya ko biyu, amma da ya tafi sai ya tafi sumul. Baba ya zauna ɗas, bayansa a miƙe, rigarsa tana kaɗawa, ya sha kwanar tsamiya kamar ya daɗe yana yi. Mutane suka yi tafi. Ni ina tsalle ina ihu, “Babana ne! Babana ne!” Ya juyo yana murmushi, ya ƙara wuta. A daidai nan wata akuya da 'ya'yanta suka ratso filin. Na sha juya wannan abu a raina, kuma ga yadda na fahimce shi daga baya, ko da yake komai ya faru ne kafin a ƙifta ido. A keken Baba, birkin baya a hannun hagu yake. Shekara talatin, duk lokacin da wani abu ya gifta masa, hannun hagu ne ke matsewa kafin ma ya yi tunani. Shi ya matse. Amma a nan kuloci ne. Babur ya saki ya ci gaba da gangarawa, Baba ya ƙanƙame hannun dama ya murɗa totur bai sani ba, inji ya yi wata irin ƙara, shi kuma don firgita ya saki hannun hagun gaba ɗaya. Babur ya ɗaga gaba kamar ingarma ya yi tsalle.

Baba ya faɗi gefe a kan yashi. Babur ya kwanta yana ta juya tayar baya. Malam Fasinja kuwa ya tsinke igiya ya yi sama ya daki gindin tsamiya, ya fashe tun daga wuya har ƙasa. Hularsa ta gangara can, yashi yana ta zuba a kan saiwoyi. Wasu suka fara dariya, suka kuma yi shiru da sauri. Na ruga wurin Baba. Ya tashi zaune, gwiwar hannunsa ta ɗan goge, rigar Juma'a ta yage a kafaɗa. Bai dubi ciwon ba, bai dubi jama'a ba. Buhun yake kallo. Ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya juyo ya dube ni, ya kama kaina da hannu biyu yana shafawa kamar mai neman wani abu, har na ji kunya na ce, “Baba, ai ba ni ba ne.” Mista Emeka ya kashe injin, ya kori masu kallo, ya kawo ruwa da maganin shafawa. Bai ce ai na gaya maka ba. Abin da na ji ya faɗa kawai shi ne, “Duk masu keke nan suke faɗuwa, Maigida. Waɗanda suka fi iyawa ma sun fi faɗuwa.” Baba ya dube shi ya ce, “Ƙarfe nawa kake buɗewa gobe?”

Washegari Lahadi ce, Mista Emeka yana zuwa coci, amma ya ce idan an taso zai zo ya buɗe saboda Baba. Muka sauka a gidan wata gwaggona da ke aure a Kazaure. Ba zan ɓoye ba, ni a ranar ba wani darasi na ɗauka ba, baƙin ciki kawai na yi. Ina ta tunanin la'asar ta yi a ƙauye, Buba yana dandali da bokitin ruwansa, 'yan ajinmu suna bakin hanya, ga kuma mutum biyun nan da suka ga komai sun riga mu isa da labari. Na ce wa Baba ko za mu roƙi ɗaya daga cikin yaran shagon ya kai mu bakin gari, sa'an nan shi ya karɓa ya ƙarasa. Ya ce, “Modu, Buba zai yi dariyarsa ya gama. Ci tuwonka.”

Koyon ya ɗauki Lahadi da yamma da kusan dukan Litinin, wato har makaranta na rasa, abin da ya dame ni sosai don ni mai tsoron bulala ne. Dabarar Mista Emeka ita ce ya yago jan ƙyalle ya ɗaura a takalmin Baba na dama. Ya ce duk lokacin da ya yi tafi, Baba ya tuna da jan ƙyalle. Zai bar shi ya yi nisa, ya shagala, sai kwatsam ya tafa hannu, ko ya sa yaro ya gara tsohuwar taya ta gifta gabansa. Da fari hannun hagu ne ke riga ƙafa. Sannu a hankali ƙafa ta fara kamo shi. An ɗinke Malam Fasinja an sake cika shi, ni aka ba aikin zana masa sababbin idanu, na yi masa manya don ya ga hanya. Matar Mista Emeka ta aiko mana da burodi da shayi. Da azahar Baba ya tafi masallaci da ƙyallensa a takalmi ya manta, wani dattijo ya tambaye shi ko maganin ciwon ƙafa ne, ya ce masa e, kusan haka ne. Da ya dawo yana ba Mista Emeka labarin, su biyun suka yi ta dariya kamar tsofaffin abokai.

Bayan la'asar ranar Litinin, Baba ya zagaya tsamiya da buhu a baya, aka gara taya, ya tsaya cak, buhun ko gezau. Aka sake, ya sake tsayawa. Mista Emeka ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu. Kafin mu tashi ya yi ta ja masa kunne: kada ya yi gudu sai injin ya saba, ya dawo da shi a juye baƙin mai bayan 'yan makonni, in ya ji wata ƙara da bai gane ba kada ya bari kowa ya kwance, ya kawo. Shi da kansa ya tattare wa Baba rigarsa ya cusa a ƙarƙashin cinya don kada taya ta kama. Shi ya ɗora ni, ya nuna mini inda zan taka, ya ce in kiyayi salansa domin tana ƙuna, ya zagaye cikin Baba da hannuwana ya ce, “Ka riƙe tam. Kai ba ka da igiya.” Sa'an nan ya hau tsohon babur ɗin ya bi mu a baya har ƙarshen gari, inda hanyar Roni ta rabu. A nan ya danna oda ya juya.

Ba ni da kalmomin da za su ɗauki wannan tafiya. Gonaki da aka girbe suna wucewa, kukoki suna tahowa su wuce, duwatsu suna juyawa a hankali. Iska tana cika mini baki duk lokacin da na buɗe don in yi ihu. Yanzu na san ba wani gudu muke yi ba, domin wani mai keke ya daɗe yana biye da mu, amma a wurina tashi muke. Tun daga rijiyar bakin gari yara suka ji ƙara suka fito, waɗanda ke ɗiban ruwa suka yar da guga, 'yan ajinmu suna gudu a gefenmu suna kiran sunana. Ban iya ɗaga musu hannu ba, saboda an ce in riƙe tam, sai na yi ta kaɗa musu kai. Kaka Falmata ta fito ƙofar gida tana ta magana da Barbarci, ban san ko addu'a ce ko faɗa ba.

Buba yana dandali. Da ya hango mu sai ya taso ya tsaya a tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa, da gangan, domin ya riga ya ji labarin akuyar. Na ji bayan Baba ya ƙage. Na runtse ido. Sai na ji babur ya lafa a hankali, ya tsaya, ƙafar Baba ta sauka ƙasa. Da na buɗe ido, tayar gaba tana gaban Buba da kamar taku ɗaya. Dandali ya kaure da sowa. Buba ya ce, “Bawana, Asabar ka ce. Ko a Barno yau ce Asabar?” Baba ya kashe inji ya zare makulli a natse ya ce, “Na tsaya ne ruwan wankinka ya huce. Ina soson?” Aka kawo bokiti, Buba ya naɗe hannun riga ya durƙusa ya wanke babur tas a gaban kowa, yana yi yana cewa ai dama dukiyar bawa ta ubangidansa ce, kayansa yake wankewa.

Baba ya yi shekaru masu yawa a kan wannan babur, kuma iyakar sanina bai sake faɗuwa ba. Duk ƙauyenmu wanda ya tashi saye, wurin Mista Emeka yake kai shi, ya zauna a kujera yana kallon ana koya masa. Daga baya Mista Emeka ya tsufa ya koma gida wurin 'ya'yansa, filin tsamiya kuma an gine shi. Kwanakin baya na raka ɗan ƙanena sayen babur a Kazaure. Shaguna sun yi yawa, kwalaye har rufi, kaya sun fi na da kyau da sauƙin samu, kuma ba zan ce an wulaƙanta mu ba. An ba mu wurin zama, an tura kuɗi ta waya, an haɗa babur cikin ɗan lokaci. Mai shagon ya miƙa makulli idonsa a kan wayarsa. Na yi ta jira in ji ya tambayi yaron ko ya iya, bai tambaya ba. Wataƙila masu saye sun yi masa yawa, wataƙila kuma yaran yanzu da iyawarsu suke tasowa, ban sani ba. Na dai tsaya a bakin titi ina kallon yaron ya kutsa cikin Keke Napep da motoci har ya ɓace mini, na daɗe ban motsa ba. Har yau ina gode wa mutumin da ya hana mu tafiya ranar Asabar.